Matsalar Karanta Fayilolin Bayanai a Cikin Manhajar da Aka Ƙunshe: Misali Daga Ƙamusun Hausa na Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ta shigo fagen nazarin harsuna, ayyuka da dama waɗanda aka saba gani a takarda suka soma komawa manhaja. A yau ana iya samun ƙamusu da jerin karin magana da darussan koyon karatu a kwamfuta ko a wayar hannu. Kowace manhaja irin wannan kashi biyu ta ƙunsa. Kashi na farko shi ne umarnin da mai tsara manhajar ya rubuta domin na'ura ta bi. Kashi na biyu kuwa shi ne bayanan da umarnin ke aiki a kansu, kamar jerin kalmomi da ma'anoninsu da hotuna da muryoyin furuci. Irin waɗannan bayanai akan ajiye su ne a fayiloli na daban, su yi tafiya tare da manhajar kamar yadda guzuri ke bin matafiyi.

Sau da yawa manhaja kan yi aiki sumul a kwamfutar wanda ya tsara ta, amma da zarar an ƙunshe ta an miƙa wa wani, sai ta buɗe ta ce ba ta ga fayil ɗin kalmomi ba, alhali kuwa yana nan a cikin ƙunshin. Aikin da masana harshe suka shafe shekaru suna tattarawa yana iya zama tamkar babu shi saboda layi ɗaya na umarni. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin aukuwar haka da kuma hanyoyin da aka tanada don kauce masa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, fayil ɗin da ke tafiya tare da manhaja da sunansa ya kamata a nema a wurin ƙunshin da ya ɗauko shi, domin adireshinsa a cikin na'ura abu ne mai sauyawa.

2.0 Bayanin Wasu Kalmomi

Kafin a shiga cikin batun, ya dace a fayyace kalmomin da za a riƙa amfani da su. Fayil tarin bayanai ne da aka adana a ƙarƙashin suna guda. Folda kuwa ma'ajiya ce wadda ake zuba fayiloli ko wasu foldodi a cikinta. Adireshi shi ne jerin sunayen foldodin da za a bi kafin a kai ga fayil. Babbar manhaja ita ce mai gudanar da na'urar baki ɗaya, kamar Windows da Linux da macOS da Android. Ƙunshi kuma shi ne siffar da manhaja ke ɗauka bayan an haɗa umarninta da bayananta domin rarrabawa ga jama'a.

Domin sauƙaƙa bayani, za a ɗauki misalin wata manhajar ƙamusun Hausa wadda ta adana kalmominta a fayil mai suna kalmomi.txt, a cikin wata folda mai suna bayanai. Da wannan misali za a yi ta aiki har ƙarshen maƙalar.

3.0 Tushen Matsalar

3.1 Cikakken Adireshi

Hanya mafi sauƙi da mai tsara manhaja kan fara bi ita ce ya rubuta adireshin fayil ɗin tun daga tushen ma'ajiyar kwamfutarsa, kamar haka:

(1) C:\Aiki\Kamus\bayanai\kalmomi.txt

Wannan shi ake kira cikakken adireshi. Aibinsa a fili yake, domin kuwa babu tabbacin cewa kwamfutar mai amfani tana da folda mai suna Aiki, kuma a Linux da macOS ma babu abin da ake kira C: sam. Ya yi daidai da mutumin da ya yi ƙaura zuwa wani gari amma ya ci gaba da ba mutane kwatancen tsohon gidansa.

3.2 Guntun Adireshi

Ganin haka, sai mai tsarawa ya gajarta adireshin ya koma:

(2) bayanai/kalmomi.txt

A nan ne akasarin masu koyo kan yi tuntuɓe, saboda suna zaton na'ura za ta fara nema daga wurin da manhajar take zaune. Abin ba haka yake ba. Babbar manhaja tana fara nema ne daga abin da ake kira foldar aiki, wato foldar da manhajar ta gada daga abin da ya tashe ta. Guntun adireshi kamar kwatancen "ɗaki na biyu a hannun dama" yake, wanda ma'anarsa ta dogara ga inda mai sauraro ke tsaye. Lokacin da ake tsara manhajar, kayan aikin rubuta umarni sukan sa foldar aiki ta zama foldar da aikin yake ciki, don haka sai komai ya tafi daidai. Amma idan mai amfani ya tashi manhajar daga wata folda dabam, ko ya latsa alamarta a allon macOS, inda foldar aiki kan zama tushen ma'ajiyar na'urar, sai adireshin ya nuna wurin da babu komai.

3.3 Bambancin Ƙa'idojin Rubuta Adireshi

Manyan manhajoji ba su yi ittifaƙi a kan yadda ake rubuta adireshi ba. Unix, wadda Linux da macOS suka bi tafarkinta, tana raba sunayen foldodi da alamar /. Ita kuwa MS-DOS, lokacin da ta fara amfani da foldodi a fitowarta ta 2.0 a shekarar 1983, sai ta ɗauki alamar \, saboda an riga an ba alamar / wani aiki a cikin umarninta. Daga nan Windows ta gaji wannan al'ada. Windows takan karɓi duka alamomin biyu a mafi yawan lokuta, amma a Linux alamar \ harafi ne kamar kowane harafi a cikin suna, saboda haka adireshin da aka rubuta da ita ba zai kai ko'ina ba.

Bambanci na biyu ya shafi babban baƙi da ƙaramin baƙi. A tsarin da Windows da macOS ke zuwa da shi, Kalmomi.txt da kalmomi.txt fayil ɗaya ne. A Linux kuwa fayiloli biyu ne mabambanta. Kuskuren harafi guda zai iya ɓuya tsawon watanni a kwamfutar mai tsarawa, sai ranar da aka kai manhajar wata na'ura ya bayyana.

3.4 Fayil a Cikin Dami

Dalili na huɗu ya fi sauran zurfi. Yawancin ƙunshin manhajojin zamani dami ne irin na ZIP, tsarin matse fayiloli da Phil Katz ya fitar a shekarar 1989. Ƙunshin JAR na harshen Java, wanda ya zo da fitowar 1.1 a shekarar 1997, damin ZIP ne. Haka ma ƙunshin APK na Android. Idan aka sa kalmomi.txt a cikin irin wannan dami, ya daina zama fayil mai zaman kansa a idon babbar manhaja. Ya koma wani yanki na matsattsun bayanai a cikin fayil guda babba. Babbar manhaja damin take gani, ba ta ganin abin da ke cikinsa. Saboda haka umarnin buɗe fayil na yau da kullum ba zai same shi ba, ko da kuwa an rubuta adireshin daidai harafi da harafi.

4.0 Hanyoyin Warwarewa

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sashen da ya ɗora umarnin manhajar daga cikin ƙunshi ya riga ya san inda ƙunshin yake da yadda ake kwance shi. Don haka harsunan tsara manhaja suka tanadi hanyar da za a roƙi wannan sashe ya miƙo fayil ɗin. Abin da yakan miƙo shi ne magudanar bayanai, wato hanyar da bayanan ke kwararowa a jere ana karantawa, ba tare da mai karatu ya damu da inda suka fito ba.

4.1 Java

A harshen Java, ana neman fayil ɗin da ke cikin ƙunshi da umarni kamar haka:

(3) Kamus.class.getResourceAsStream("/bayanai/kalmomi.txt")

Wannan umarni yana aiki iri ɗaya ko fayil ɗin yana cikin folda a lokacin tsarawa, ko yana cikin damin JAR bayan an ƙunshe. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a kula da su. Na farko, idan sunan ya fara da alamar /, za a nema daga tushen ƙunshin, idan kuwa babu ita, za a nema daga wurin da ajin Kamus yake. Na biyu, idan aka bi ta ClassLoader wajen yin wannan roƙo, daga tushe ake nema kullum, kuma ba a sa alamar / a farko. Na uku, alamar / ake amfani da ita a kowace babbar manhaja, har da Windows, kuma a cikin damin ana bambanta babban baƙi da ƙarami. Na huɗu, idan ba a sami fayil ɗin ba, umarnin ba ya kokawa, sai dai ya dawo hannu rabbana da amsar null. Wajibi ne mai tsarawa ya duba wannan amsa ya fitar da saƙo mai ma'ana, in ba haka ba manhajar za ta faɗi a wani wuri can gaba, inda zai yi wuya a gane musabbabin faɗuwar.

Kuskuren da ya yi yawa a nan shi ne a yi amfani da ɗan'uwan wannan umarni, wato getResource, a karɓi adireshin da ya bayar, sannan a yi ƙoƙarin mayar da shi fayil na yau da kullum. Kafin a ƙunshe wannan dabara tana ci. Bayan an ƙunshe kuwa, adireshin yakan fara da jar:file: kuma yana ɗauke da alamar ! a tsakiya, wadda ke raba sunan damin da sunan abin da ke cikinsa. Babbar manhaja ba ta san irin wannan adireshi ba.

4.2 Python

A harshen Python, an daɗe ana dogara ga __file__, wato sunan da ke riƙe da adireshin fayil ɗin umarnin da ake ciki, sai a gina adireshin bayanai daga gare shi. Wannan ya fi guntun adireshi aminci, tun da bai dogara ga foldar aiki ba. Sai dai tun daga fitowar 2.3 a shekarar 2003 Python ke iya ɗora umarni kai tsaye daga damin ZIP, kuma a wannan hali adireshin ba ya nuna fayil na zahiri. An samar da pkgutil.get_data a fitowar 2.6 ta shekarar 2008, sannan importlib.resources a fitowar 3.7 ta shekarar 2018. A fitowar 3.9 ta shekarar 2020 aka ƙara masa siffar da aka fi amfani da ita:

(4) files("kamus").joinpath("bayanai/kalmomi.txt").read_text(encoding="utf-8")

Wani lokaci akan sami sashen manhaja wanda ba ya karɓar magudana, sai lallai fayil mai adireshi. Domin wannan buƙata aka tanadi as_file, wanda ke kwance fayil ɗin zuwa wuri na wucin gadi idan yana cikin dami, ya ba da adireshinsa, ya kuma share shi bayan an gama.

Abin lura a nan shi ne, umarnin karatu ba zai sami abin da ba a sa a ƙunshin ba. Kayan ƙunshe manhajar Python sun san fayilolin umarni, amma fayilolin bayanai sau da yawa sai an ambace su a takardar tsarin aikin kafin su shiga. Haka kuma PyInstaller, wanda ke mayar da manhajar Python fayil guda, yakan kwance kayansa ne a wata folda ta wucin gadi mai suna da ke farawa da _MEI duk lokacin da aka tashi manhajar, ya ajiye adireshinta a sys._MEIPASS, ya share ta idan an rufe.

4.3 Android da macOS

A Android, fayilolin da aka zuba a foldar assets suna shiga damin APK, kuma ta hannun AssetManager ake buɗe su a matsayin magudana. Wannan na da muhimmanci ga ƙamusu, domin ƙamus mai yawan kalmomi an fi adana shi a rumbun bayanai irin na SQLite, shi kuwa SQLite na Android fayil na zahiri yake buƙata. Al'adar da aka saba ita ce a kwafo rumbun daga cikin ƙunshi zuwa ma'ajiyar da Android ta keɓe wa manhajar a ranar da aka fara buɗe ta. A macOS kuwa, abin da mai amfani ke gani kamar fayil guda folda ce a haƙiƙa, kuma bayanai suna zama a Contents/Resources a cikinta. Ta hannun NSBundle ake tambayar adireshinsu, saboda mai amfani yana da ikon matsar da manhajar duk inda ya ga dama.

4.4 Cusa Bayanai a Jikin Manhaja

Wata hanya kuma ita ce a narkar da bayanan a cikin jikin manhajar tun lokacin haɗa ta, ta yadda babu wani fayil da za a nema. Harshen Go ya samar da go:embed a fitowar 1.16 ta shekarar 2021, harshen Rust yana da include_bytes, kuma Qt yana da tsarin da sunayen irin waɗannan bayanai ke farawa da alamar :/ a cikinsa. Fa'idar wannan hanya ita ce bayanan ba sa rabuwa da manhaja. Illarta kuwa ita ce manhajar takan yi nauyi, kuma gyaran kalma guda a ƙamus sai ya sa an sake haɗa manhajar gaba ɗaya.

5.0 Haruffa Masu Lanƙwasa

Samun fayil rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne karanta shi yadda aka rubuta. Kwamfuta lambobi take adanawa, kuma akwai tsare-tsare daban-daban na mayar da lamba harafi. Tsarin Windows-1252, wanda Windows ta Ingilishi ta daɗe tana amfani da shi, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Tsarin UTF-8 kuwa, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a shekarar 1992, yana da su, kuma yana adana kowannensu da bayit biyu. Idan aka rubuta fayil da UTF-8 aka karanta shi da Windows-1252, kowane bayit sai ya zama harafi mai zaman kansa:

(5) ƙasa ta koma Æ™asa
(6) ɗaki ya koma É—aki
(7) ɓera ya koma É“era

A wannan hali manhajar ba za ta nuna alamar kuskure ba. Abin da zai faru kawai shi ne mai neman kalmar ƙasa a ce masa babu ita a ƙamus. Wasu kan yi ƙoƙarin tserewa daga matsalar ta hanyar cire lanƙwasa, amma wannan ɓarna ce ga ƙamus, tun da kafa daban take da ƙafa, haka ma bari da ɓari.

Dalilin da ya sa matsalar ke bin sauyin na'ura shi ne, idan mai tsarawa bai ambaci tsarin haruffa ba, harsuna da dama sukan ɗauki wanda babbar manhaja ta zaɓa. Java ta yi haka har zuwa fitowar 18 a shekarar 2022, lokacin da ta mayar da UTF-8 zaɓinta na asali. A Python ma shawarar PEP 686 ta tanadi irin wannan sauyi daga fitowar 3.15. Duk da haka, tun da mai tsarawa ba shi da iko a kan fitowar da mai amfani ke da ita, abin da ya fi aminci shi ne a ambaci UTF-8 a fili a kowane umarnin karatu, kamar yadda aka yi a misali na (4).

Akwai ƙananan tarkuna guda uku da ke da alaƙa da wannan. Wasu manhajojin rubutu na Windows sukan sa wata ɓoyayyiyar alama mai bayit uku a farkon fayil ɗin UTF-8, wadda kan manne wa kalmar farko ta hana a same ta. Haka kuma Windows tana rufe layi da alamomi biyu, Unix kuwa da guda ɗaya, don haka wata alamar da ba a gani tana iya saura a ƙarshen kowace kalma. Na uku ya shafi ƙamusun da ke nuna karin sauti. Harafi kamar à ana iya adana shi a matsayin lamba guda, ko a matsayin a da alamar sauti a biye. A ido ɗaya suke, amma na'ura tana ɗaukarsu abubuwa biyu. Maganin wannan shi ne a daidaita kalmomin fayil da kalmar da mai amfani ya rubuta zuwa siffa guda kafin a kwatanta su. Saboda irin waɗannan dalilai ne ya fi kyau a raɗa wa fayilolin kansu suna da ƙananan baƙaƙe marasa lanƙwasa da alamar sauti, a bar cikakkiyar Hausa ga abin da ke cikinsu.

6.0 Bambanci Tsakanin Karantawa da Rubutawa

Duk hanyoyin da aka kawo a sama na karatu ne. Bayanan da suka zo cikin ƙunshi ba a rubutu a kansu. Damin APK a kulle yake. Foldar Program Files ta Windows ba ta karɓar rubutun mai amfani na yau da kullum. Manhajar macOS da aka sa wa hatimin tantancewa, idan aka taɓa abin da ke cikinta hatimin ya lalace. Foldar wucin gadi ta PyInstaller kuwa sharewa ake yi, saboda haka duk abin da aka adana a cikinta ya tafi.

Idan ƙamus zai ba mai amfani damar ƙara kalmomin karin harshensa, alal misali Sakkwatanci ko Gudduranci, to waɗannan kalmomi a fayil na daban za a ajiye su, a wurin da babbar manhaja ta tanada: AppData a Windows, Library/Application Support a macOS, da .local/share a Linux. Lokacin nema sai manhajar ta haɗa jerin biyu. Amfanin wannan rabo zai fito ne ranar da aka fitar da sabon bugu na manhajar, domin sabon ƙunshi zai maye gurbin tsoho, amma kalmomin mai amfani suna nan ba a taɓa su ba.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ɓacewar fayil bayan an ƙunshe manhaja tana da dalilai sanannu: dogaro ga adireshin kwamfutar mai tsarawa, dogaro ga foldar aiki, bambancin ƙa'idojin manyan manhajoji, da kuma shigar fayil cikin dami. Ta kuma nuna cewa Java da Python da Android da macOS duk sun tanadi hanyar neman fayil da sunansa daga wurin ƙunshin, kuma ga manhajar Hausa dole a haɗa wannan da ambaton UTF-8 a fili, a kuma raba bayanan da suka zo da manhaja da waɗanda mai amfani ya ƙara.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji. Tun da duk waɗannan kurakurai ɓuya suke yi a kwamfutar mai tsarawa, gwajin da aka yi a can ba ya tabbatar da komai. Ƙunshin da za a rarraba shi ya kamata a gwada, a wata na'ura wadda ba ta taɓa ganin aikin ba, a tashe shi daga wata folda dabam, sannan a nemi kalmar farko ta jerin da kuma wasu kalmomi masu ɓ da ɗ da ƙ. Cibiyoyin nazarin harsuna da ke ba da kwangilar mayar da ƙamusunsu manhaja za su amfana idan suka sa wannan gwaji cikin sharuɗɗan karɓar aiki.